Faifan Inna Dudu

Jiya da hantsi na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan koyo da ke zuwa gidanmu, tana cewa saƙar faifai ai zama ce kawai a inuwa, hannu na tafiya baki na hira. Ba za ni faɗi sunanta ba. Faifanta yana nan rataye a bakin ɗakin Gwaggo, kowa ya ga yadda ya tashi a tsakiya kamar malafa. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafina na sakandare na ce bari in rubuta muku, tunda in na ce za ni yi dogon bayani da baki muryata rawa take yi, ku kuma ba ku da aiki sai ƙunshe dariya. Ban girme ku da yawa ba, na sani. Amma na shekara goma sha ɗaya da basilla a hannu, kuma biyu daga cikinsu shekarun fari ne.

Aikin farko da Gwaggo Tumba, yayar babana, ta ba ni ba saƙa ba ce. Tsagar kaba ce. Wata uku cur ina zaune da damin kaba da ƙwaryar ruwa, in jiƙa, in tsaga da farce, in jera. Kowane sili sai ya zo daidai da ɗan'uwansa a faɗi. In ɗaya ya fi, Gwaggo ba ta faɗa, sai ta ɗaga shi sama ta tambaye ni ko igiyar ɗaure jaki nake shiryawa. Bayan nan ta ba ni basilla, da ƙaramar wuƙa, da ciyawar da ake nannaɗewa a ciki, ta nuna mini yadda ake ɗaura cibiya. Duk faifai daga cibiya yake lalacewa. In kin matse ta da yawa ya tashi sama, in kin sake ta ya yi lagwab kamar ganyen kabewa. Na farkon da na gama na kai mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ɗora a ka.

"Madalla, Balki," ta ce. "Dama ina neman gammo."

Ta warware shi a gabana, sili-sili, ta miƙo mini.

Rini kuwa sai da na shekara biyu kafin ta bar ni in matsa kusa da tukunya. Ja daga karan dafi muke samu, rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba, baƙi kuma da bagaruwa da laka. Sauran launuka galura ce ta kasuwa, a ƙulle a leda. Kuna ganin kamar a tsoma ne a cire. Ku bar kaba ta wuce lokacinta a wuta ku ga yadda take karyewa a huda ta uku, bayan kun riga kun yi wa mai aiki alkawarin ranar kasuwa.

Yanzu abin da kuke raɗa a kansa in na ba ku baya. Gara ku ji daga wurina.

Tun ina ƙarama, duk muryar da na ji da launinta take zuwa. Ba tunani nake yi ba, ba kwatance ba. Mutum na buɗe baki sai in ga abin ya gifta a gabana kamar an ja sili. Muryar babana ruwan ƙasa ce mai duhu. Ta Gwaggo ja ce, in ta yi fushi ta koma kamar karan dafin da ya kwana a tukunya. Ƙarar taɓarya a turmi baƙaƙen ɗigo ne. Na ɗauka kowa haka yake, har ranar da na ce wa wata ƙawata a makarantarmu ta garin Isa ta rage surutu, koren ya yi mini yawa. Ta kai ni ƙara wurin malamarmu ta kimiyya, wai na fara taɓuwa. Malamar ta zaunar da ni ta yi ta tambaya, ƙarshe ta ce akwai mutane irina, masana sun san da su, ba ciwo ba ne ba kuma iska ba. Hanyar ji da hanyar gani ne suka haɗu a ƙwaƙwalwa.

Da na dawo hutu Sabon Birni na kwashe duka na faɗa wa Gwaggo, ina jin kaina. Ta gama sauraro tana huda faifanta.

"Malamarku ta hwaɗi gaskiya," ta ce. "Amma ita ba unguwarmu take zaune ba. Wanga idon kunne naki, ki bar shi ga hannu. Kada shi sauko ga baki."

Daga ranar ta sa shi aiki. In mai sayen faifai ta shigo, sai Gwaggo ta ja gaisuwa. Ina gida, ina maigida, ina yara, ina awaki, yaya ƙafar surukarki, an gyara katangar nan da ta faɗi? Matar na ta amsawa, ni ina gefe da kaina a sunkuye kamar ba na nan. Tana fita Gwaggo za ta ɗaga mini gira, ni kuma in tashi in zaɓo kaba. Akwai wata Hajiya mai cika ido, wadda in ta shigo kowa sai ya gyara zama. Shuɗi da baƙi ta ce a yi mata, irin na manya. Muryarta kuwa ruwan hoda ce fal, da ɗigon rawaya. Muka yi mata wanda ta ce, na kuma saƙa ɗaya yadda na ji, muka ajiye a gefe kamar na wata ne. Ta karɓi nata ta yaba. Ta kai bakin zaure ta dawo.

"Wancan na wa na?"

"Na wata yarinya na, Hajiya," in ji Gwaggo. "Bai dace da ke ba."

Da shi ta tafi, a ɓoye cikin mayafi.

Kada ku ɗauka ganin launi shi ne iya aiki. Abin da nake gani tukunya ba ta da shi. Murya ba ta tsaya wuri ɗaya, tana kauri tana sirancewa, wani lokaci launi biyu ne a cuɗe. Sai da na koyi jera ja ɗaya fari biyu, ja ɗaya fari biyu, har ido daga nesa ya haɗa su da kansa. Na koyi inda ake sirance sili don launi ya yi kamar zai ɓace, sannan ya dawo. Wani jeren amarya na faifai goma sha biyu daga dariyarta na ɗauko shi gaba ɗaya, na kuwa warware na bakwai sau uku kafin ya yi kama da abin da na ji. Wannan ba kunne ke yi ba. Yatsa ke yi, kuma yatsa sai ya yi kanta.

Cikin masu sayenmu babu wadda ta kai Inna Dudu daɗewa. Bafulatana ce mai tallar nono, daga wata ruga ta wajen Gangara take tahowa da ƙafa. Ita da Gwaggo tun suna 'yan mata suke zagin juna. Duk kaka takan sa a yi mata faifai biyu na rufe ƙwarya. Kiran tallarta rawaya ne tsantsa, irin na gangamau sabon daka, da siririn baƙi a gefe. Haka nake saƙa mata, har mutane kan gane ƙwaryarta tun daga bakin kasuwa kafin su gane fuskarta.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko gero ya fara fitar da kai ke nan sama ta bushe. Muka ce ta baɗi za ta gyara. Ta baɗin aka yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Ku da kuke ganin sana'armu ba ruwanta da gona, ku lissafa. Ba dawa, ba karan dafi. Raƙuma da awaki sun cinye kabar kusa, mai kawo mana sai ya yi tafiyar yini. Rijiya ta yi ƙasa, ruwan jiƙa kaba ma sai mu yi amfani da shi sau uku kafin mu ba akuya. An ɗage bukukuwa, ba jere. Ba hatsin da za a sheƙe, balle a nemi faifan sheƙa. Shanu ba nono. Maza suka tafi ci-rani tun kafin lokaci, har da babana. Gidanmu ya rage daga ni sai Gwaggo sai ƙannena mata biyu, muna cin kwaɗon tafasa muna saƙa abin da ba mai tambaya.

A cikin wannan hali Inna Dudu ta shigo wata ranar kasuwa da 'yar ƙwarya wadda da can ba za ta yarda a gan ta da ita ba. Ta ce akuya ta cinye mata faifai, a yi mata ɗaya, ƙarami.

"Akuyarku ma ta san aikin kirki," in ji Gwaggo. "Ba ta ci na kasuwa ba sai namu."

"Yunwa ta, Tumba. Ko ke ta samu tana tauna ki, in ba don ƙashi ya yi yawa ba."

Suna ta yi, ni ina saurare. Rawayar nan babu ita. Abin da ke fitowa daga bakinta ruwan toka ne, sai can a tsakiya wani ɗan zare mai haske kamar zai tsinke. Muna da sauran gangamau a ƙulle, da na so da na yi mata irin na kullum. Amma hannuna ya saba bin abin da na ji. Na saƙa shi ruwan toka, da zobe ɗaya na rawaya kusa da cibiya. Ta fuskar aiki, har yau ban yi wanda ya fi shi ba.

Da ta zo karɓa, maƙwabciyarmu 'Yar Gangara mai daddawa tana tsakar gidan, ta zo aron rariya. Inna Dudu ta juya faifan, ta kira ni yarinya da Fulatanci.

"Ɓingel, ina rawayata?"

Amsa tana nan a shirye, kowa ya san kayan rini sun yi wuya. Amma ni mai sakandare, wadda malama ta ce ba ciwo ba ne, sai na buɗe baki.

"Inna, muryarki ce ta koɗe. Da rawaya nake gani in kina magana. Yanzu ban gan ta ba sai kaɗan."

Inna Dudu dariya ta yi, ta ce to Allah shi maido ta. Gwaggo ta yi maza ta ce yarinyar ga shirme gare ta, gangamau ne ya ƙare. 'Yar Gangara kuwa ta miƙe. Ta tafi ta bar rariyar.

Kasuwa ta zagayo. Wajen azahar muka ji faɗuwar ƙwarya a ƙofar gida. Inna Dudu ce a ƙasa, idanu a juye. Mata suka ɗauko ta suka shimfiɗe a tsakar gidanmu, ana yayyafa ruwa ana fifita. Kafin a jima gidan ya cika. A nan 'Yar Gangara ta maimaita abin da na faɗa, kalma bayan kalma, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Wata daga baya ta ce, "Mai ganin abin da ke cikin mutum ai sunanta guda na." Wata ta faɗi sunan.

Kun san abin da ake cewa a wurinmu. Mayya ce ke ganin kurwa, wanda ta kama kuma sai ya yi ta koɗewa har ya faɗi. Maganin shi ne a sa ta ta tsallake shi sau uku, ta sake shi. In kin tsallake, kin amsa da ƙafarki. In kin ƙi kuma ya mutu, ke kika kashe. Sunan ba ya tsayawa a kanki. Zai bi ƙannenki, ya bi 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ba mai cin abincin gidanku, ba mai rufe abincinsa da faifan da kika taɓa.

Ba za ni ba ku labarin abin da na ji ba. Abin da na sani, muryoyin sun haɗu sun zama fari ɗaya, irin na kwanon rufi da rana tsaka, har na daina ganin fuskar kowa. Sai daga baya aka nuna mini basilla ta shiga tafin hannuna. Ga tabon nan, wanda kuke ta tambaya.

"Ta tsallake ta kawai, Tumba," in ji 'Yar Gangara. "Ba mu ce da gangan ta yi ba. Wani gado na, mai shi ma bai sani ba."

Gwaggo ta miƙe a hankali, ta sake ɗaura zaninta. Ta je ta mirgino turmi ta tokare ƙofar zaure, ta zauna a kai.

"Tsallake kuke so? To, ba laihi. Amma Dudu gida nawa take shiga ranar kasuwa? Ke 'Yar Gangara, ba ke kinka tare ta makon jiya kina cewa ta rame, duk ta zube ba?"

"Ni rama na gani."

"Ke kin ga rama, ɗiyata ta ga launi. Duka gani na. Tunda mai shi ma bai sani ba, kamar yadda kinka ce, to ba mu san ko wace ta ba. Duk macen da ke cikin gidan ga sai ta tsallake, sau uku-uku. Ni ka farawa. Wadda ta san ba ita ba ta, mi take tsoro?"

Wata ta ce ta bar tukunya a wuta. Gwaggo ta ce a wannan shekara ba abin da ke cikin tukunyar kowa da zai ƙone. Ta tashi, ta tattare zani, ta tsallake ƙawarta sau uku, ta koma kan turminta. Sannan ta fara kiran suna, kamar mai rabon goron biki. Ba wadda ta iya ƙi, don wadda ta ƙi ta nuna kanta. Mun fi mu goma sha biyar. Wata tsohuwa sai da aka riƙe ta hagu da dama, tana cewa a yi a hankali da ƙugunta. Ni Gwaggo ba ta kira ni farko ba, ba ta kira ni ƙarshe ba. Ta jefa ni a tsakiya, tsakanin matar mai gyaran keke da wata baƙuwa da ta shigo tambayar hanya. Ƙafata ta ɗaga, ban san yadda aka yi ba. 'Yar Gangara ce ta biyo bayan baƙuwar, fuska a murtuke.

Ana cikin haka Inna Dudu ta buɗe ido. Ta ga zani na wucewa ta samanta.

"Wai mi kuke yi bisa kaina kamar awaki?" ta ce, da ƙyar ake ji. "In ba ku da abin ba ni, ku bar ni in kwanta."

Gwaggo ta sauka daga turmi, ta ɗauko ɗan geron da muke ɓoyo ta dama kunu, ta ba ta da ludayi. Da la'asar aka sa ta a motar Isa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ashe ta daɗe tana ba jikokinta rabonta, ta sha ruwa ta kama hanya. Ta yi kwanaki a can, ta warke, ta dawo tana zagin Gwaggo kamar da.

Warkewar ma ba ta wanke ni duka ba. Wasu suka ce to ga shi, tsallake ya yi aiki. Sai dai na wa? Kowace mai faɗin haka ita ma ta ɗaga ƙafa a ranar, kuma Gwaggo ba ta mance jerin ba. In ta haɗu da ɗaya a rijiya sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, naki tsallaken ya fi na kowa kyau." Maganar ta koma abin dariya a unguwa, amma dariyar da ake yi ana waige. Wata shida ban taɓa kaba mai launi ba, fari kawai nake saƙawa. Masu saye kuma suka ɓullo da sabon salo. Mace za ta shigo ta gaida Gwaggo da raɗa, ta nuna abin da take so da yatsa, ta nuna adadi da yatsu, ta fita bakinta a rufe kada in gani. Gwaggo takan ce mu gode Allah, fari ya kawo mana cinikin kurame. Har yanzu in mata suka ɗaga murya lokaci ɗaya, ko a gidan suna ne, sai na nemi bango na dafa. Kun sha gani, ba sai kun yi kamar ba ku gani ba.

Bana da aka sami ruwa aka fara ɗaura auren da aka ɗage. Watan jiya, kuna wajen tsagar kaba a bayan ɗaki, 'Yar Gangara ta yi sallama. Rabonta da gidanmu tun ranar. Za ta aurar da ɗiyarta, tana son na jere. Ta tsaya daga nesa ta nuna wa Gwaggo yatsu takwas.

"Takwas mi?" in ji Gwaggo. "Awaki?"

Ta nuna faifan da ke rataye.

"Ikon Allah. Bakin da ya tara unguwa guda cikin gidan ga, yau shi ya mutu? Zauna, ba mu cin mutane sai da daddawa, ke kuwa ba ki kawo ba."

Ta zauna a bakin tabarma. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta. Gwaggo ta shiga ɗaki ɗauko kaba, ta kuma daɗe da gangan. Muka rage mu biyu. Ni ina huda, ban ɗaga kai ba.

"Balki," ta ce a hankali.

"Na'am, Inna."

"Takwas na yarinya. Ki ƙara guda, nawa na kaina." Ta duba ƙofar ɗaki, ta matso. "Ni kuma, wane iri kike gani?"

Na gan shi sarai, tun daga sallamarta. Yana da kyau ma, ban yi zato ba. Bakina har ya motsa. Na soke basilla a faifan da ke cinyata, na jawo ƙwaryar kaba kusa da ni.

"Ki dawo ranar kasuwa, Inna," na ce. "Za ki gan shi da idonki."